Dainamon keke mai gogar taya: har yanzu ya cancanci kuɗinsa?

Wanda ake magana a kai shi ne ɗan injin da ke ba fitilar keke wuta, mai siffar ƙaramar kwalba, da aka buga wa 6V 3W a jiki, wato volt shida, wat uku. In aka buɗe shi, maganaɗisu ne ke juyawa a tsakiyar naɗin wayar tagulla da ke tsaye wuri ɗaya. Michael Faraday ne ya gano a Landan a 1831 cewa motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya na haifar da lantarki, a 1832 kuma Hippolyte Pixii ya ƙera inji a Faransa mai wannan tsarin, ana juya shi da hannu. A nan taya ce ta karɓi aikin hannun.

Wat ukun nan raba su ake yi: 2.4 ga ƙwan gaba, 0.6 ga na baya. Shi ya sa in na gaba ya mutu dole a canza shi nan take, in ba haka ba duk wutar ta taru a kan na baya, shi ma ya ƙone, musamman a gangara.

Yawancin ƙorafin da ake yi a kansa daga ɗauri ne. Ya kamata tsawon kwalbar ya miƙe sak zuwa tsakiyar ƙafar keken. Ya ɗan karkace, sai ƙara, sai cin gefen taya. A bar tazarar kamar santimita ɗaya tsakaninsa da taya idan ba ya aiki, don sifirin ya samu ƙarfin dannawa. Mai waya ɗaya kuwa ta ƙarfen keken wutar ke komawa, don haka fenti ko tsatsa a wurin noti na iya hana fitila kamawa ƙememe. A kankare wurin har ƙarfe ya fito fes kafin a ɗaure. Da yawa an jefar da su alhali lafiyarsu ƙalau.

Aibinsa na gaskiya biyu ne: da damina yana sulɓi a jiƙaƙƙiyar taya, kuma da an tsaya haske ya ɗauke, wanda haɗari ne a mahaɗar hanya. Kada kuma a jona shi da wayar salula kai tsaye, domin wutarsa mai kaiwa da komowa ce, tana hawa da sauka da gudun keke.

Ga mai dawowa daga gona ko kasuwa bayan magariba, a inda batir ke tsada, a saya, a haɗa da ƙaramar fitilar baya mai batir saboda tsayuwa.