GitHub a idon mai riƙon lissafin shago a Maraɗi

Ko ba ka iya rubuta layin kod ɗaya ba, in dai kana aiki da manhajar kyauta wadda lambobinta ke buɗe ga kowa, ka buɗe asusu a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu suna aiki tare a kai. Ba a biyan ko dala. Tun 2008 shafin yake, Microsoft ya saye shi a 2018 kan dalar Amurka biliyan 7.5, kuma a kan Git aka gina shi, tsarin bin sawun sauye-sauyen kod da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005.

Ni lissafin shagon kawuna nake riƙewa a babbar kasuwa, da wata ƙaramar manhaja da ƴan sa kai ke kula da ita. Muna da abokan ciniki a Ɗan Issa, amma in yaron shago ya rubuta sunan garin da D marar lanƙwasa, manhajar sai ta ce babu kowa. Bashi na nan a rubuce, ba ya fitowa.

Na shiga shafin aikin manhajar a GitHub, sashen Issues, inda ake kai rahoton matsala. Fom ɗinsu ya nemi sigar manhajar, irin wayata, abin da na danna daki-daki, da abin da na zaci zai fito. Na haɗa da hoton allo bayan na rufe sunayen mutane, domin duk abin da ka ɗora can duniya na gani.

Amsar da wata baiwar Allah mai kula da aikin ta ba ni ita ta saye ni. Ta ce a tsarin Unicode, wanda kwamfuta ke gane haruffa da shi, é na Faransanci yana rabuwa gida biyu, e da alamarsa, shi ya sa bincike ke iya cire alamar. Amma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kowanne harafi ne mai zaman kansa, ba ya rabuwa, sai an gaya wa manhaja cewa ɗ ɗan'uwan d ne. Ta nuna mini fayil ɗin da za a gyara ta ce in gwada. Na kwafi aikin zuwa asusuna, na ƙara haruffan huɗu da manyansu, na aika buƙatar a haɗa gyaran. Ta sa na ƙara gwajin da zai kama matsalar in ta dawo, sannan ta karɓa.

Shafin da Turanci yake, mu kuwa ƴan lakkwal Faransanci muka yi, amma bayanan koyon aikinsa akwai su da Faransanci. Rubutu ne yawanci, ba ya cin forfe. Waya ta isa aika rahoto, gyaran kod kam ya fi daɗi a kwamfuta. Tun 2023 suna neman masu tura kod su kunna tantancewa mai hawa biyu, wato ƙarin shaida bayan kalmar sirri, don haka ka kwafi lambobin dawo da asusu a takarda, kar su zauna cikin wayar kaɗai.