Aikin gida da waya, ashe farautar dangi ce

Wata ƙawata da muka yi sakandare tare ce ta ɗora a sitatus: ana neman mata biyar masu babbar waya, aiki daga gida, awa biyu a rana, biya duk sati. Ni kuwa tun da na gama hidimar ƙasa nake zaune, daga girki sai raino, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na tambaye ta wane irin aiki ne, ta ce ba ya faɗuwa a waya, sai dai na zo intabiyu ranar Asabar. Ko sunan kamfanin ba ta faɗa ba.

Na goge atamfata, na sa takardun makaranta a fayil, na hau adaidaita. Ina shiga na tarar da ɗakin taro cike da kujerun roba, ana ta kiɗa da tafi. Ba wanda ya kalli fayil ɗina. Wata Hajiya ce ta riƙe makirfo tana kaɗa makullin mota, ana haska hotunanta a Dubai. Sai da aka kusa la'asar sannan maganar ta fito: rajista naira 85,000, a ba ki kwalin shayin rage teɓa da sabulai, ki kawo mutum biyu, ɗaya ƙafar dama ɗaya ƙafar hagu, su ma su kawo bibbiyu. Wata daga baya ta ce wannan ai ƙanwar MMM ce, harkar zuba kuɗin nan da ta kulle kuɗin mutane a ƙarshen 2016. Hajiya ta ɗaga takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta ce su kaya suke sayarwa. Aka yi tafi, har da ni. Alhali takardar nan rajistar kamfani kawai take nunawa, mai shagon caji ma in ya so zai yi ta.

Da kuɗin adashena na biya.

In faɗi gaskiya, sabulun ba laifi. Yana kumfa, ƙamshinsa na kama jiki, har yau da shi nake wanka. Da don shi kaɗai ne da na ba su tauraro uku cikin biyar. Sai dai wa zai sayi sabulu guda a kuɗin da zai yi cefane? A wata biyu huɗu na sayar, biyu bashi ne. Ga dokar sai kin ƙara sayen kaya duk wata, in ba haka ba makin da kika tara a kamfanin ya zube.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Wadda ke samana a layin, Anti muke ce mata, ta zo har gida da biro da littafi ta ce na rubuta sunan mutum ɗari da na sani. Ina cikin kame-kame ta karɓi wayata tana latsawa, ta tsaya a lambar yayar mijina.

"Wannan fa?"

"Anti, Yaya ce, bazawara ce, ɗinki take yi tana riƙe marayu."

"Ai irinsu muke so mu taimaka. Kira ta. Kada ki ce saye da sayarwa, ki ce aiki ne daga gida, kuma gurbi biyar ya rage."

Kalmomin da na karanta a sitatus ɗin ƙawata ke nan, ko waƙafi ba a canza ba. Na gane sarai, amma na kira, don ina son kuɗina su dawo. Na ce, "Yaya, na samo mana hanya." Ta ce, "Allah Ya yi miki albarka, ƙanwata." Ta ɗauko kuɗin da take tarawa na injin ɗinki na lantarki ta biya. Bayan kwana uku alat ya shigo mini, naira 6,000. Albashin aikin gidan ke nan gaba ɗaya, kuma daga jakar Yaya aka gutsuro shi.

Yaya ba ta samu ko mutum ɗaya ba. Da na kai wa Anti kuka sai ta ce ba mu da himma, masu tunanin talauci ne ke ƙorafi. Na nemi a karɓi sauran kayan a maido ko da rabi, aka ce abin da ya fita ya fita, washegari aka cire ni daga guruf. Don haka taurarin nan uku ma na janye, sabulun ya je da ƙamshinsa.

A sunan da aka yi a gidan surukaina na gaida Yaya, ta amsa tana kallon tabarma. Yanzu dubu biyar-biyar nake tura mata duk ƙarshen wata, maigidan bai sani ba. Kwalin shayin kuma yana ƙarƙashin gado, saura wata huɗu ya lalace.