Shagon ɗinki mai ƙofa biyu a Kakuri

Yunifom saiti 40 na ɗaliban Islamiyyarmu na kai wani shagon ɗinki a Kakuri da ke Kaduna, can bayan tsofaffin masaƙu. Mai shagon dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. A masaƙa ya yi ƙuruciyarsa, lokacin da jiniya ke tada unguwar da asuba, kafin masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ta rufe a 2002.

Ɗinki kam sai hamdala. Na juya riga ɗaya, na ja kafaɗarta da ƙarfina, zare ko gezau. Kalmasar wanduna a miƙe take, maɓallai sun zauna daram. Kuɗinsa ya ɗara na telolin Kasuwar Barci, kuma sai da ya ƙara mini kwana huɗu a kan alkawari. Raina ya ɓaci ranar. Na ce, "Baba, a ƙara wa yaran nan awa biyu da dare mana." Ya ce, "Hajiya, magariba ba ta samunmu a nan. A ƙungiyar ƙwadago muka sha wuya kafin ma'aikaci ya san lokacin tashinsa, ba zan ƙwace wa ɗan wani ba."

Sai a sannan na dubi shagon da kyau. Kekuna tara, ƙofa biyu duk a buɗe, tukunyar kashe gobara a rataye inda hannu zai kai. Ƙyallaye a buhu suke, ba a zube a ƙasa ba. Ƙananan masu koyo kuwa sai an tashi daga boko suke zuwa.

Abin ya taɓa ni, domin na tuna gobarar kamfanin riguna na Triangle a birnin New York na Amurka, ran 25 ga Maris 1911. Mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata baƙi daga wasu ƙasashe, saboda an kulle musu ƙofa wai kada su saci yadi. Bayan wannan musiba ne jihar New York ta kafa dokoki sama da 30 kan ƙofofin fita, gobara da awannin aikin mata da yara. Baba bai san labarin ba sai da na ba shi. Ya daɗe shiru, hannunsa a kan almakashi.

Ƙorafina ɗaya: janareta ya yi kusa da ƙofar baya, hayaƙi na shigowa kan masu guga. Na faɗa masa, ya ce zai matsar. Aikin zango mai zuwa na riga na kai masa, mako biyu kafin lokaci, kuma zan duba janaretan in na je karɓa.