Takalmi, ruwa da rigar sanyi: sayayyar mai shirin zuwa magangarar ruwan Timia

Wanda ya tashi a Yamai bai saba da hawa ba. Garin yana kwance a bakin kogin Kwara, tsayinsa daga teku bai wuce mita 200 da 'yan kai ba. Tawa ta ɗan fi shi tudu, Agadas kuma ta haura mita 500. Daga nan ne ƙasa ke fara miƙewa zuwa tsaunukan Abzin, inda dutsen Bagzan ya kai mita 2,022, wurin da ya fi ko'ina tsayi a Nijar. A cikin waɗannan tsaunuka Timia take, fiye da kilomita 200 arewa da Agadas, garin lambunan lemu da rumman da dabino, ga magangarar ruwa 'yan kilomitoci daga gari wadda ake zuwa a ƙafa a dawo a yini guda. Matasa da dama na ganin hotunanta a Facebook su ɗaura niyya, sai su shiga kasuwa su kashe kuɗinsu a kan jaka mai aljihu goma da baƙin tabarau, su bar ƙafarsu da abin da ya samu.

Ni a wurina, in kuɗinka jaka goma ce, fiye da rabi na takalmi ne.

Iri huɗu za ka tarar in ka zaga Babbar Kasuwa ko kasuwar Wadata a Yamai. Na farko kambas ɗin da kowa ke sawa, mara nauyi, mai araha, ƙafa na shan iska a ciki. Ga hanyar da ke bin yashin ƙorama ba shi da laifi. Matsalarsa tafin: yawancin sababbin da ake jibgewa a kasuwa tafinsu sumul yake, an yi su ne don kwalta da daɓen siminti. Duwatsun da ke kusa da magangara ruwa ya goge su shekara da shekaru, ga gansakuka, in tafi ba shi da haƙora sai santsi ya kwashe ka. Ƙayar farar ƙaya kuma na huda tafi mai laushi ba tare da wata wahala ba.

Na biyu shi ne takalmin hawan dutse na gwanjo, mai rufe idon sawu, wanda Turawa suka gaji da shi aka kwaso a dila. Nan ne ake samun garaɓasa, nan ne kuma aka fi cin mutane. Za ka ga fata lafiya lau, igiya sabuwa, a tafinsa ma har da tambarin nan mai ruwan ɗorawa na Vibram, wanda robarsa ke kama dutse sosai. Amma tsakanin tafin da jikin takalmin akwai wani soso da ake yi da sinadarin foliyuritan, shi kuma yana ruɓewa da shekaru ko da ba a taɓa taka takalmin ba, musamman in ya daɗe a ajiye cikin zafi da danshi. Daga waje ba a gani. Sai ka yi awa biyu kana tafiya tafin ya buɗe baki, soson ya riƙa zubewa kamar garin rogo, kai kuma kana tsakiyar duwatsu. Saboda haka kar kunyar mai kaya ta hana ka gwaji. Lanƙwasa takalmin da ƙarfi, ka danna farce a gefen soson. In ya tsage, ko ya yi danƙo a yatsa, ko ya bar ƙura, ajiye masa abinsa ko da kyauta ya ba ka. In ya tsallake wannan gwaji, kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye tafin da ɗinki, don gam ba ya jimrin zafin dutsen da rana ta gasa.

Na uku sabon takalmin hawan dutse daga kanti, ko wanda ɗan'uwa zai aiko daga waje. Shi ne mafi aminci, shi ne mafi tsada. Wanda zai je sau ɗaya ya ɗauki hoto ya dawo, ban ga dalilin da zai sa ya zuba wannan kuɗi ba. Wanda ke da niyyar hawa Bagzan daga wajen Tabelot, inda hanya ke tsaye, duwatsu na mirginawa ƙarƙashin ƙafa, shi kam ya cancanta. Sai dai kar a ruɗe ka da wanda aka rubuta wa Gore-Tex, wato mai hana ruwa shiga. An yi shi ne don ƙasashen da ake wuni ana yayyafi. A Abzin zufa kawai zai tara maka, kuma in ruwa ya shiga ta sama lokacin tsallake ƙorama, ya fi kowane daɗewa bai bushe ba.

Na huɗu su ne faɗe, na fata ko na taya. Wani zai ce ai Abzinawa da su suke hawa suna kora awaki, kuma gaskiya ne. Amma su tun suna yara ƙafarsu ta san dutsen, tafinta ya yi kanta, idon sawunsu ya saba da karkacewa. Ma'aikacin ofis da ke wuni cikin sanyin na'ura ba haka yake ba. Ka sa faɗe a jaka don shiga ruwa da hutun yamma, wannan shi ne aikinsu.

Duk wanda ka zaɓa, je sayensa da la'asar, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada shi da safar da za ka sa a ranar. A bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakin takalmi, domin a gangara ne farce ke dukan gaba har ya yi baƙi ya cire. Kuma kar ka fara sa shi ranar tafiya. Yi mako biyu kana yawo da shi. In kana Yamai, tsallaka gada ka hau tuddan nan uku da ake kira Trois Sœurs, za ka ji inda yake cizo tun kana kusa da gida.

Sai ruwa. Kowace lita kilo guda ce a bayanka, kuma yini a kan dutse cikin busasshiyar iska ba ya son ƙasa da lita uku ga mutum ɗaya. Ledar piya wata ta fi komai araha, amma tana fashewa a jaka, ga sharar da ake bari a wurin da yake cikin yankin da mutane ke shan ruwansa. Jakar ruwa mai tiyo da ake goyawa tana da daɗin sha ana tafiya, sai dai ƙaya ɗaya ta ishe ta, kuma ba ka ganin abin da ya rage. Gorar ƙarfe mai riƙe sanyi nauyinta ya yi yawa ga abin da take ɗauka. Na fi yarda da abin da direbobin hanyar Agadas suka daɗe da sani: robar lita ɗaya da rabi guda biyu, ko ƙaramar jarka, a ɗinke ta cikin buhun algarara a jiƙa shi. Iska na busar da buhun, ruwan ciki na yin sanyi. Ƙara da ƙwayoyin Aquatabs na tsabtace ruwan sha daga kantin magani, waɗanda ake jefawa a ruwa a jira minti 30, saboda tafkin da ke ƙarƙashin magangara dabbobi ma na sha. Ƙullin gishiri da sukari na ORS guda biyu ba sa cin wuri.

Tufa kuwa lokacin tafiyarka ne zai yanke hukunci, kuma nan akwai zaɓin da ba a saye da kuɗi. Ruwa ya fi zuba bayan damina ta sauka, daga Agusta zuwa Satumba, amma a lokacin ne ƙorama ke cika farat ɗaya daga ruwan da aka yi a wani tsauni da ba ka ma gani, hanyar mota kuma ta yanke. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tafiya ta fi daɗi, sai dai ruwan ya ragu, dare kuma na yin sanyin da ɗan Yamai bai taɓa ji ba. Duk hawan mita 1,000 zafi na sauka da kimanin digiri 6, hasken rana mai ƙona fata kuma na ƙaruwa da wajen kashi 10 cikin 100. Wato za ka ji sanyi alhali rana na cin ka. Babbar rigar sanyi mai kauri guda ɗaya ba ta dace ba, don da ka fara hawa za ka cire ta ta zame maka kaya. Gara riguna biyu ko uku marasa nauyi da ake ƙarawa ana ragewa, ta sama mai tare iska. A kai kuwa rawani ya fi hular hana sallah nesa ba kusa ba: yana rufe wuya da kunne, yana tare ƙura, in rana ta take a jiƙa shi.

Jaka ba ta buƙatar dogon bayani. Mai ɗaukar lita 20 zuwa 25 ta isa, in dai tana da maɗauri a ƙugu kuma zif ɗinta na aiki. Ta gwanjo ta wadatar. Tocila ta goshi ta fi ta waya, don waya cajinta na wani amfanin ne. Maganin ciwon tsauni da wasu ke tallatawa ba na wannan tafiya ba ne, tunda ciwon yakan fara ne daga wajen mita 2,500, babu kuma inda ya kai haka a Nijar.

Kason ƙarshe na kuɗin ka ware shi ga ɗan jagora daga mutanen wurin, da motar da ke da ƙarfin hanyar dutse daga Agadas. Kafin ka biya kuɗin ko da safa ɗaya, a tuntuɓi hukumomin Agadas a ji halin tsaron hanya da ko ana buƙatar rakiya, domin wannan na canzawa daga wata zuwa wata.