Lambar da ke jikin ƙofar tirela

Sana'ata sayen motoci a wurin gwanjo a Dallas, in sa a kawo mini su Houston, duka a jihar Teksas ta Amurka. Tafiyar kusan mil 240 ce a kan babbar hanyar I-45, ni kuwa ba ni da tirela, haya nake yi. Da farko duk wanda ya faɗi kuɗi mafi sauƙi shi nake ɗora wa kaya. Wata rana wani ya ɗauki motoci uku, jami'an hanya suka tsayar da shi suka duba birki, suka ce ko taku ɗaya ba zai ƙara ba sai an gyara. Kwana biyu kayana suna gefen titi, mai jiran su yana ta kira na ina ba shi haƙuri. Da na kai kuka wurin wani dattijo namu da ya daɗe yana tuƙin tirela, sai ya ce, "Ƙanena, ka duba lambarsa kafin ka ba shi?" Na ce, "Yaya, wace lamba kuma?" Ya yi dariya ya ce araha ba ta ado.

Lambar ita ce USDOT, wadda ake rubutawa a gefe biyu na motar, galibi a jikin ƙofa. Hukumar FMCSA ce ke bayar da ita, wato sashen ma'aikatar sufurin Amurka da aka kafa a shekarar 2000 don lura da manyan motoci. Hukumar tana da shafin bincike mai suna SAFER, kyauta ne, ba rajista, ba kalmar sirri. Ka saka lambar ko sunan kamfani, sai takardar bayaninsa ta fito. Shafin kansa ba shi da wani kyan gani, kamar an gina shi tun zamanin da intanet ke rarrafe, amma yana buɗewa da sauri a waya, ni kuwa abin da ya dame ni ke nan.

Abin da nake fara dubawa shi ne ko kamfanin yana da izinin ɗaukar kaya, da kuma ko mai mota ne ko dillali. Da yawa cikin masu kira na a waya ba su da ko taya ɗaya, karɓar aikin suke yi su miƙa wa wani. Ba laifi ba ne, amma ina so in san wanda zai riƙe sitiyari. Sai yawan motoci da direbobi. Wannan kamfanin ne da kansa ke cikewa a takardar MCS-150, wadda doka ta ce a sabunta duk shekara biyu, don haka nake duba ranar da aka sabunta ta.

Inda naman yake shi ne teburin binciken hanya na wata 24 da suka wuce: sau nawa aka tsayar da motocinsa, sau nawa aka hana mota ko direba ci gaba da tafiya. A ƙasa an ajiye matsakaicin ƙasa baki ɗaya don kwatance, na mota ya ɗan haura kashi 20 cikin ɗari, na direba bai kai 10 ba. Yawancin binciken nan jami'an jihohi ne ke yi su tura wa tarayya, shi ya sa abin da aka rubuta wa direba a Oklahoma za ka gan shi kana zaune a Teksas. Wanda ya ajiye mini motoci a titi, da na duba daga baya, kusan rabin binciken da aka yi masa an dakatar da motar. A fili yake tun kafin in san shi.

Sai dai shafin kundi ne, ba alƙali ba. Yana lissafa haɗurra kashi uku, wanda aka rasa rai, wanda aka ji rauni, da wanda sai da aka kira janwe, amma bai ce ga mai laifi ba. Direban da aka buga wa ta baya yana tsaye a danja, shi ma yana cikin lissafin. Kuma kamfani mai mota 500 dole adadinsa ya fi na mai mota biyu, sai ka auna da girmansa.

Abin da ya fi ruɗa ni shi ne wurin da aka rubuta matsayin kamfani wajen kiyaye haɗari. Mataki uku ne: mai gamsarwa, mai sharaɗi, da marar gamsarwa. Amma yawancin ƙananan kamfanonin da nake hulɗa da su babu komai a wurin, domin ba a ba da matsayi sai jami'ai sun yi wa kamfani cikakken bincike. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin an wanke kamfanin. Ashe shiru ne kawai. Haka sabon kamfani da ba a taɓa tsayar da motarsa ba, takardarsa fara fat, alhali yana cikin wata 18 na farko da hukuma ke sa wa sababbi ido. Dattijon nan ya gaya mini akwai masu rufe kamfani in sunansu ya ɓaci, su buɗe sabo da wata lamba, mota ɗaya, gareji ɗaya. Tun daga nan in na ga sabuwar lamba sai in nemi adireshin, in ga ko wani tsohon suna ya taɓa zama a wurin.

Akwai shafi na biyu, SMS, mai rarraba laifuffuka kashi bakwai, har da gyaran mota, tuƙin ganganci da wuce sa'o'in aiki, tunda direba ba ya wuce awa 11 yana tuƙi bayan hutun awa 10. Za ka ga laifuffukan ɗaya bayan ɗaya, amma makin da ke kwatanta kamfanin kaya da takwarorinsa an rufe shi ga jama'a tun wata doka ta Disamba 2015.

Abu biyu kuma ba a nan nake samun su ba. Mai aiki a cikin Teksas kaɗai rajistarsa tana wurin hukumar motoci ta jiha, TxDMV, can nake tabbatar da ita. Inshorar da tarayya ta wajabta wa masu tsallaka jihohi kuwa ta ɓarnar da mota ta yi wa wasu ce, ba ta kayan da ke bayanta ba. Ta kaya sai na ce a turo mini takarda, in kira kamfanin inshorar da kaina.

Wanda ke ɗaukar mini kaya yanzu motarsa biyu, kuɗinsa ya ɗan fi na sauran, kuma an taɓa rubuta masa laifin fitila sau ɗaya. Ran da ya fara zuwa na zagaya na karanta lambar da ke ƙofarsa, na haɗa da wadda ya turo mini a waya. Ya tsaya yana kallona, ya ce in na gama akwai wata a ɗaya gefen.