Wasiƙa Daga Jidda: Idan Iska Ta Kayar da Bishiya, Wa Ake Kira?

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Hajiya da iyalai baki ɗaya.

Ku yanzu kun shiga hunturu kuna neman bargo, mu kuwa a nan Jidda yanzu ne muke ɗaga kai muna duban hadari. Ruwan garin nan ba damina ba ce irin tamu. Tsakanin Nuwamba da Janairu yake leƙowa, wata shekarar ma da ƙyar ƙasa ta jiƙe, amma ranar da ya ga damar zuwa da fushi yake zuwa. Ranar 25 ga Nuwamban 2009, alhazai suna haramar fita Mina, ambaliya ta ci sama da mutum 100 a garin nan. Ranar 24 ga Nuwamban 2022, wadda na gani da idona, milimita 179 aka auna a kudancin gari cikin awa shida, har aka rufe babbar hanyar Makka. Iska kuwa ba sai na faɗa muku ba, don kun tuna ƙugiyar ginin da guguwa ta kayar cikin Harami ranar 11 ga Satumban 2015, har da alhazanmu cikin waɗanda suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Shi ya sa mutanen nan ba sa wasa da gargaɗi. Tun kafin gari ya haɗe saƙo zai shigo wayar kowa cewa a kiyayi kwari da hanyar ruwa, idan abin ya yi tsanani a ce yara su yi karatu daga gida.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda suke yi da bishiyar da iska ta karya. A nan kowace bishiya da mai ita, kuma kowa ya san wanda zai kira.

A bakin gidan benen da nake gadi akwai jerin darbejiya, irin tamu sak. Wani dare bayan ruwa ya tsagaita, iska ta tumɓuke guda ɗaya da saiwarta, ta kwanta a kan katanga, rassanta suka lulluɓe motar wani ɗan haya. Na fara leƙawa na tabbatar babu kowa a ciki. Da akwai mutum, 911 zan buga, wadda ta haɗa askarawa da 'yan kwana-kwana da motar asibiti a duk yankin Makka. Tunda babu rai a cikin haɗari, sai na kira 940, lambar baladiyya, wato hukumar kula da gari. Aka tambaye ni unguwa da lambar da ke manne a jikin ginin, na faɗa, nan take saƙo ya shigo da lambar ƙorafina. Ɗan mai gidan ya ɗauki hoto ya tura ta Balady, manhajar baladiyya.

Da hantsi suka iso. Suka jera robobin nan masu launin lemo suka tare gefen titi, kowa da hular kwano da safar hannu, suka ce mu ja da baya. Abin da ya burge ni, babbansu bai yarda an tayar da injin zarto ba sai da ya zagaya bishiyar a tsanake. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi yana neman reshen da ya tokare ƙasa da wanda katanga ta tallafe. Reshen da nauyi ya danne kamar baka ne da aka ɗana, kana yanke shi zai fizgo ya doke ka, nan ne mutane suke rasa ido ko haƙarƙari. Sai suka fara daga ƙananan rassa na can waje, suna rage mata nauyi kaɗan-kaɗan. Manyan kuwa sai an ɗaure su da igiya, mutum ɗaya yana cikin kwandon mota a sama yana yanka, biyu a ƙasa suna sassauta igiyar har guntun ya sauka ba tare da ya taɓa gilashin motar ba. Gindin ne ƙarshe. Suka loda komai, suka cike ramin da ƙasa, suka share ganye. Ba wanda ya ce a kawo na goro, ko ruwan da na miƙa musu sai da na nace suka karɓa.

Kada ku ɗauka kullum haka take tafiya cikin sauri. Ranar babban ruwa, inda mutane suka maƙale a mota da manyan hanyoyi ake farawa, lungu sai ya jira. Amma ƙorafinka yana rubuce da lambarsa, kuma kana iya bibiya. Sannan rabin aikin ma tun kafin ruwa suke yinsa: za ka ga motocinsu suna bin tituna suna rage rassa, suna cire busassu.

Akwai abu guda da ya sauƙaƙa musu, mu kuma shi ne yake kashe mu. A yawancin unguwannin Jidda wayar wuta a ƙarƙashin ƙasa take, bishiya ta faɗi ba ruwanta da lantarki, in ma an samu matsala sai a kira 933, lambar masu wuta. A gida kuwa kun san yadda waya take ratsawa ta tsakiyar rassa, har yara su saba ganin tartsatsi idan iska ta kaɗa. Yaya, wannan shi ne abin da yake hana ni barci idan na ji an yi guguwa a Kano. Ɗanyen icce jiƙaƙƙe yana ɗaukar wuta, ƙasa mai laima ma tana ɗauka. Kuma cewa "ai an ɗauke wuta" ba hujja ba ce, domin ana dawo da ita ba sallama, ko janareton wani maƙwabci ya turo ta cikin layin ta baya. Don Allah ku ja wa samarin gida kunne: reshen da ya taɓa waya ba a matsa masa, ba da gora ba, ba da sanda ba, sai ma'aikatan wuta sun zo sun cire layin da hannunsu.

To amma wannan gatan na bishiyar titi ne. Wadda take cikin katangarka taka ce, aljihunka ne zai yi magana. Sai ka nemi kamfanin masu lambu, ko ka duba talla a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, su turo maka leburori, yawanci mutanen Pakistan ko Bangaladash ko Masar. Kuɗin sara daban, na kwashewa daban, na tone kututture daban, kuma ba ka isa ka tara rassa a bakin titi ka tafi ba, tara za ka sha. Ƙaramin aiki yakan ci ɗaruruwan riyal, idan sai an kawo mota mai ƙugiya ya wuce nan nesa. Mai mota kuwa, in inshorarsa cikakkiya ce za su gyara masa, in ƙaramar nan ce ta dole sai dai ya rungumi ƙaddara.

Bishiyoyi biyu ne suka fi ba masu gidaje ciwon kai. Akwai wata da suke kira bazaromiya, mai saurin girma da jure gishiri, da aka shuka ko'ina don inuwa da shinge. Saiwarta bin ruwa take yi, ta fasa bututu, ta shiga tankin ƙasa, ta ɗaga daɓe. Kuma tunda ban-ruwan sama-sama ake yi mata, saiwar ba ta nutsewa can ƙasa, ƙasa na jiƙewa iska ta ture ta. Garuruwa da dama sun daina shuka ta kusa da gine-gine. Ta biyu dabino. Akwai wani jan ƙwaro da aka fara gani a ƙasar nan a 1987, a garin Ƙaɗif, tsutsarsa tana cinye cikin gangar tun daga ciki. Daga waje dabinon a tsaye yake da ganyensa, cikinsa kuwa ya zama dusa, sai rana ɗaya kan ya karye ya faɗo. Aikin da gara take yi wa bishiyoyinmu ke nan.

A nan ne kuma nake ganin mun fi su. Icce a garin nan shara ne, kowa da gas yake girki, sai ka biya a kwashe maka abin da a gida arziki ne. Ranar da nake kallon gungumen darbejiyar nan ana jefa su a mota, raina yana wajen Hajiya da murhunta. A wajenmu mai faskare zai sare maka ya ɗauki ladansa a cikin itacen, masassaƙi ya zo neman gindi don turmi, mata su kwashe ƙirare, kafin la'asar wuri ya zama fili. Ga kuma mutane. Bishiya ta faɗa wa gidan wani, kafin ya buɗe baki maƙwabta sun fito da gatari da adda da barandami, wani ya kwashe yara zuwa gidansa, wata ta aiko da koko. A nan maƙwabcinka zai yi maka jaje da gaske, amma hannunsa ba zai taɓa reshe ba, don a ganinsa aikin hukuma ne. Wannan gayyar tamu ba a sayenta da riyal. Abin da ta rasa tsari ne: mutum goma suna sara, babu ɗaya da ya tsaya ya duba inda gangar za ta faɗi, ga yara sun yi da'ira suna kallo.

Kuma ba kowane Bahaushe ne a nan yake cin moriyar lambobin da na lissafa ba. Layin waya da takardun hukuma irin su igama, wato izinin zama, ake yin rajistarsa, manhajar ma haka. 'Yan uwanmu da ba su da takarda, waɗanda da yawansu suka watsu bayan rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 a unguwanni irin su Sabil da Karantina da Kandara, tsoron kiran hukuma suke yi ko da reshe ya huda musu rufi. Su da kansu suke yi, cikin dare, ba fitila ba igiya. Idan kun ji ana yabon Saudiyya, ku riƙa tunawa da su a addu'a.

Duk da saurin da suke yi wajen cire mai haɗari, lafiyayyar bishiya ba a taɓa ta haka kawai. Tun bayan dokar muhalli ta 2020, wanda ya sare bishiyar daji ba izini tararsa tana iya kaiwa riyal 20,000 a kan kowace guda, kuma akwai askarawa na musamman masu farautar masu safarar itace. Ta bakin titi ma ba ka da ikon sare ta don ta tare maka allon shago. A 2021 suka shelanta burin shuka bishiya biliyan 10. A Makka kuwa abin ya haɗa da addini, tunda Manzon Allah (SAW) ya hana sare itatuwan Harami, kodayake yawancin malamai sun ce hanin bai shafi wadda mutum ya shuka da hannunsa ba. Duk wanda ya yi tsayuwar Arfa ya san inuwar da ya fake a ƙarƙashinta ta darbejiya ce, kuma bututu aka ja ana shayar da ita a wurin da ruwa yake da tsada. Mu da Allah Yake shayar mana da ita kyauta, reshe ɗaya ya faɗo sai a ce a tumɓuke ta gaba ɗaya. Abin da ya fi ƙona min rai, ka shiga shagon masu gawayi a nan ka tarar da buhuna an ce maka na Najeriya ne. Sun killace nasu dajin da doka, suna gasa nama da namu.

Saboda haka ina roƙon alfarma game da darbejiyar ƙofar gida, wadda Baba ya shuka, Allah Ya jiƙansa. Na ji Kawu yana cewa a sare ta kafin ta rushe zaure. Ku yi haƙuri ku duba ta tukuna. A ga ko ƙasa ta kumbura ko ta tsage a gefen da ta ba wa baya, alamar saiwa ta fara ɗagowa ke nan. A ƙwanƙwasa gangar da ƙotar gatari a ji ko tana amo irin na kogo. A duba inda manyan rassa biyu suka rabu ko akwai tsaga, a kuma tona gindin kaɗan ko gara ta yi gida. In an samu waɗannan, ba ni da ta cewa, rai ya fi inuwa, a sauke ta gunduwa-gunduwa daga sama, a shuka wata nesa da gini. In kuwa lafiyarta ƙalau, a rage rassan da suka hau kan kwano da waɗanda suka nufi waya kawai. Kada a yi mata aski kwal-kwal, domin tohon da yake fitowa bayan haka ba ya da ƙwarin riƙo, shi ne iska take fara ɓallewa.

A yi aikin cikin rani, kafin iskar bazara ta Afrilu da Mayu ta taso. Zai yi kyau ku yi wa Mai Unguwa magana, a zagaya layinmu a ga sauran bishiyoyin, musamman turaren nan dogaye na bayan makarantar allo, a kuma ajiye lambar mai injin zarto da ta ma'aikatan wuta a wajen liman da mai shagon bakin layi. Kuɗin mai sara da na igiya mai kauri ni zan turo ƙarshen wata, in sha Allahu. Ku nemi wanda ya saba hawa, ba yaron da zai karɓi araha ba, kuma ranar aikin a kai yara gidan Gwaggo har a gama.

A gaishe min da Hajiya da kyau, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ƙaninku a Jidda.