Na'urar maƙalawa ko ta dashe? Amsa ga Malam mai yaron da sanƙarau ya taɓa wa kunne

Malam daga wani ƙauye a wajen Ringim ya yi tambaya: yaronsa ɗan shekara 2 ya tashi daga sanƙarau, tun daga nan ko an kira shi ba ya waiwayowa. Likita ya ambata masa abu biyu, na'urar da ake maƙalawa a kunne da wadda ake yin tiyata a dasa. Wacce ta fi, kuma wacce za ta raka yaro har girmansa?

Allah Ya ƙara masa lafiya, Malam. Abubuwan nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba, shi ya sa ba kai za ka zaɓa ba, gwajin ji ne zai zaɓa. Ta maƙalawa ƙara sauti kawai take yi, dole sai akwai sauran ji a can cikin katantanwar kunne, wato ɓangaren can ciki mai siffar katantanwa da ke karɓar sauti. Idan cutar ta kashe 'yan gasun da ke cikin katantanwar, ko an ƙure na'urar, gurnani kawai yaro zai ji. Ta dashe kuwa tsallake wurin da ya lalace take yi. Ana binne wani ɓangarenta ƙarƙashin fatar bayan kunne, a zura siririyar waya cikin katantanwa, ita ce ke taɓa jijiyar ji da lantarki. Ɗaya ɓangaren yana waje, maganaɗisu ne ke riƙe shi a jikin kai. Ba sabon abu ba ne. Wani likita mai suna Graeme Clark ya dasa wa mutumin farko irin wadda ya ƙirƙiro a Melbon ta Ostireliya a 1978, Amurka kuma ta amince a yi wa yara tun 1990.

Maganarka tana da gaggawar da ta wasu ba ta da ita. Bayan sanƙarau, ƙashi kan fara tsirowa a cikin katantanwar kunne, wani lokaci cikin 'yan makonni. Idan ya toshe ramin, wayar ba za ta shiga yadda ake so ba, sakamakon ma sai ya ragu. Don haka kada a ce bari a gama girbi tukuna. A je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a yi gwajin ji da hoton kai.

Yanzu batun shekaru masu zuwa. Ta maƙalawa ba tiyata, kuma ta fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Matsalarta robar da ke shiga kunne: yaro yana girma tana yi masa sako-sako, sai ka ji na'urar tana fito, dole a sake auna masa wata. Ita kanta na'urar kan yi kamar shekara 5. In ba ta yi amfani ba, a cire, ba a yi asarar komai a jikinsa ba.

Ta dashe ba haka take ba. Tiyatar kan iya tafiya da ɗan jin da ya rage a kunnen. Amma ga yaron da ba ya jin komai, ita ce ke iya kai shi ga magana. Yaran da aka yi wa kafin shekara 3 da yawansu sun yi baki, sun zauna aji ɗaya da masu ji. Wanda aka haifa kurma aka bari sai ya haura shekara 7, zai ji sauti, amma maganar baki da wuya ta zauna. Naka ya ji muryar mahaifiyarsa shekara biyu, wannan riba ce a gare shi. Sai dai ka sani, jin ba irin namu ba ne. Hayaniyar kasuwa za ta wahalar da shi, kuma da an cire na wajen da dare, ba ya jin komai.

Na cikin kai an yi shi don ya daɗe, kamfanoni irin su Cochlear da MED-EL kan ba shi garantin shekara 10, kuma girman yaro ba ya sa a canza shi, don katantanwar kunne da cikakken girmanta ake haihuwar mutum. Na wajen ne abin ɗawainiya. Batir kullum, a ƙauyen da wayar hannu ma sai an kai wa mai caji. Zufar bazara da ƙurar hunturu suna cin sa. 'Yar igiyarsa in ta tsinke a wajen wasa, ba a Kantin Kwari ko Farm Centre za a samo ta ba, kuma da dala ake sayenta. Bayan wasu shekaru shi kansa sai an sabunta. Ni a ganina wanda zai tara miliyoyin tiyata bai tanadi kuɗin wannan ba, bai gama lissafi ba.

Likitan da zai yi aikin, hannunsa na da muhimmanci, don jijiyar da ke motsa fuska dab da wurin take wucewa. Ba rashin kunya ba ne ka tambaye shi yara nawa ya yi wa, da ko ya taɓa yi wa mai sanƙarau. Amma tiyatar ta 'yan awoyi ce. Sai bayan mako 2 zuwa 4 ake kunna na'urar, daga nan masanin ji zai riƙa yi mata saiti da kwamfuta sau da yawa a shekarar farko, ga mai koyar da magana, ga aikin uwa a gida na yi masa hira yana kallon bakinta. Idan tawagar baƙin likitoci ce za ta yi aikin ta koma ƙasarta, ka tambaya wa aka bari a nan, a wane asibiti, kuma wa ke kawo kayan gyara. Ka kuma tabbatar an yi masa rigakafin da ake yi kafin dashe, don masu na'urar sun fi haɗarin kamuwa da wani nau'in sanƙarau.

Kafin duk wannan ya kankama, ku fara yi masa maganar hannu a gida. Ba ta hana yaro yin baki, kuma malaman makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki a Kano sun san hanyar koyar da ita.